Kiɗan Yaya Sani a tallar sabulu

Jiya muna cikin taksi ni da Inna, cunkoso ya riƙe mu a unguwar Deïdo, sai rediyo ya sako tallar sabulu. Busa da ganguna suka tashi. Inna ta damƙe hannuna.

"Kiɗan Sani ne!"

Yaya Sani, Allah ya jiƙansa, shi ke ɗaukar bidiyon biki a unguwar New Bell. Kowane kaset nasa da wannan kiɗan yake buɗewa, tambarin shagonsa na juyawa kamar na babban kamfanin fim. Tun rasuwarsa ba mu ƙara jin sa ba.

Ni na san asalin kiɗan. A wani faifai ya samo shi a kasuwar Marché Central, irin wanda ake tarawa don kowa ya ɗora a aikinsa. Da na ga ranta ya ɓaci, tana cewa an sace masa, sai na faɗa mata a hankali.

Sai ta ce, "Kiɗa nawa ne a faifan?"

Na ce, "Da yawa, Inna."

Ta ce, "To ai shi ya zauna ya zaɓo wannan. Ga shi masu sabulu ma sun bi bayansa."

Direban, da ban zaci yana jin Hausa ba, ya ƙara sautin rediyon, bai ko waiwayo ba. Inna ta lumshe ido, ana ta yabon kumfa, har tallar ta ƙare.

Ku fa, wane sauti ne yake dawo muku da wanda kuka rasa?