Ɗan Birin da Ya Roƙe Ni Ruwa

Wata ranar Laraba, a damunar da nake aji huɗu na firamare, Baba, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga gonarmu ta Likoro da ɗan biri a cikin buhu. Tarkon da ya ɗana wa masu cinye mana masara ne ya kama shi. Ya ɗaure shi a gindin rumbu, ya ce ran kasuwar Kudan zai kai wa mai wasa da birai. Mu yara muka taru muna tsokanarsa, shi kuwa ya juya mana baya.

Da rana kowa ya watse, ina wanke-wanke, sai na ji ana buga ƙoƙo. Na share, aka sake bugawa. Da na ɗaga kai, ashe ɗan birin ne, ni yake jira. Sai da ya tabbatar idona na kansa, sannan ya dubi randa, ya dube ni, ya sake duban randa. Na ɗebo masa ruwa a moɗa, ya shanye tas. Na ruga na gaya wa Inna biri ya yi mini magana. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "To, da Hausa ko da Fillanci?" Daga ranar, ko gyaɗa zai roƙa, sai ya fara neman idona. Tausayinsa ya hana ni sakat, ga ranar kasuwa na matsowa.

A gidanmu yaro ba ya fara yi wa Baba magana. Durƙusawa za ka yi gefen tabarmarsa ka jira, in ya yi gyaran murya, an ba ka izini ke nan. Ana gobe kasuwa, bayan la'asar, na durƙusa har ƙafata ta sage. Ya yi gyaran murya. Sai na dube shi, na dubi gindin rumbu, na dubi hanyar daji. Baba ya ajiye carbinsa ya kwashe da dariya. "Uwata, ke ma makarantarsa kika shiga? To, in ya dawo mini cikin masara, ke za ki yi gadi." Washegari da hannuna na kwance igiyar a bakin rafi, ya haye tsamiya ko waiwaye bai yi ba. Gadi kuwa na sha shi har aka karye masara.

Yanzu 'ya'yana suna ɗaki, ina tsakar gida, a waya za su kira su tambayi ko abinci ya nuna. Nakan amsa, in sa musu albarka. Amma Allah ya sani, na fi son su leƙo in ga fuskarsu.