Ranar Da Aka Zo Bikon Mahaifiyata A Tashar Ƙaura

Shekarun baya, lokacin jihar Zamfara ba ta daɗe da samuwa ba, ana ta maganar ƙaddamar da shari'a, na taɓa ɗauko mahaifiyata daga garin da ta tsufa a cikinsa da niyyar ba za ta sake komawa ba. Har yau idan muka haɗu da ƙannena sai an tayar da zancen an yi mini dariya, shi ya sa na ga gara ku ji shi daga bakina.

Bari in fara gaya muku ko wace ce ita. Mahaifiyata marainiya ce, wajen haihuwarta uwarta ta rasu. Danginta suka rasa mai shayar da ita, suka kai ta gidan wasu matan mishan da ke karɓar jarirai irinta. A hannunsu ta girma, ta koyi karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa, ta koyi karɓar haihuwa. Ta sha faɗa mana cewa tun da ta yi wayo ta ji yadda uwarta ta mutu, ta yi wa Ubangiji alkawari ba za ta ji mace na naƙuda ta zauna ba. Daga baya ta auri mahaifina, mai bishara ne kuma yana ba da magani, aka tura su wani gari a ƙasar Zurmi inda akwai ɗan asibitin kutare.

Mahaifina ya yi wa'azi har ya tsufa, waɗanda suka bi shi ba su cika ɗaki ba. Turawan mishan suka tafi, asibitin ya koma kango, shi ma Allah ya yi masa rasuwa aka binne shi a bayan kangon, gindin wata tsamiya. Mu 'ya'ya boko ya watsa mu birane. Ita kuwa ta zauna daram. Ranar Lahadi takan share ɗan ɗakin sujadar da mahaifina ya bari, ta rera waƙoƙinta da ƙarfi, ko da daga ita sai wani malamin makaranta da mai kantin magani. Sauran kwanaki tana gidajen mutane. Kafin ta taɓa mai naƙuda sai ta wanke hannu ta ce, "Ya Ubangiji, hannu nawa, aiki naka." Matan gidan, Musulmi gaba ɗayansu, su amsa da amin. Kowa a garin Inna yake ce mata.

Ni a lokacin ina aiki a Kaduna, kuma ni mutum ne mai jin rediyo fiye da kima. Kullum sai in ji sabon labari: wai za a hana kaza, wai Kiristoci na ta haɗa kaya. Abinci ya daina yi mini daɗi. Tsoro na ji, tsoro na gaske, na tsohuwa ita kaɗai a gari ba ɗa ba jika. Ni ne ɗan fari, nauyin a wuyana yake. Na kama hanya.

Na same ta tana sussukar gero a tsakar gida. Na kawo hujjoji kamar lauya, ta bar ni na gama.

"Wa yac ce maka ana kora ta?" Ba ta kiran sunana, kunyar ɗan fari, sai dai "kai".

"Inna, ba sai an kore ki ba. In abu ya tashi, wa zai tsaya miki?"

"Wanda yat tsaya min tun ina jinjira."

Da na ga hujja ba ta ci ba, sai na koma wa makamin yara, na fashe da kuka, ƙato da ni har da gemu. Nan ta ajiye taɓarya. Ta ce ta yarda, amma ita ba ta shiga mota doguwar tafiya, amai take yi, sai dai jirgin ƙasa daga Ƙaura. Kuma ba ta barin gadonta na ƙarfe, da turminta, da awakinta. Don murna ban tsaya tunanin komai ba. Na ce mu tafi da sassafe, kada a yi sallama da kowa, don na san in aminiyarta Hajiya ta ji, tafiyar ta rushe. Ta dube ni ta ce, "Ba sallama? To."

Muka iso Ƙaura Namoda a bayan a-kori-kura, da gado da awaki, muka sauka gidan wani fasto kusa da tasha. Abin da na manta shi ne jirgin Ƙaura na wancan zamani ba shi da rana. Kullum in je tasha, ma'aikacin ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Yana tahe." Na je har masu dakon hatsi suka san ni, suna ce mini mai jiran jirgi. Ni ina ta huci, mahaifiyata kuwa hankalinta kwance, tana taya matar fasto tsintar wake tana waƙa ƙasa-ƙasa. Abu ɗaya na lura, duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ta ɗaga kai.

Ashe a can gari ya ɗauka. A wurinsu, mace ta kwashe kayanta har da gado ta fita ba sallama, fassararsa ɗaya ce: yaji ta yi, wani ya ɓata mata. Ba wanda ya kawo labaran rediyo a ransa. Aka shiga binciken mai laifi, gida-gida. Sai aka gano wani saurayi, ɗan ƙanen mai unguwa, wanda ɗokin sabon zamani ya ɗiba, ya taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin sujada ya ce mata yanzu shari'a ta zo, waƙar nan a rage murya. Shi ke nan, an sami wanda ya kori Inna. An ce uwarsa ma ta daina karɓar gaisuwarsa.

Wata rana da hantsi ina zaune a ƙofar gida ina lissafin komawa tasha, sai ga motoci biyu sun tsaya. Lokacin an fara raba motar mata da ta maza, to haka suka zo: bas cike da mata, wasu da goyo, ɗaya da tsohon ciki, bayanta a-kori-kura da dattawa. Na ce a raina abin da nake gudu ne ya biyo mu har nan.

Mai unguwa ya sauko da sandarsa. Hajiya ta sauko da ƙwarya an rufe da faifai. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan fasto, maza gefe mata gefe. Aka buɗe ƙwaryar, goro ne fari tas, da turmin atamfa a gefe, aka turo su gabana. Ni, ba gaban mahaifiyata ba.

"Kai na babba ga ɗiyanta," in ji mai unguwa, "kai na waliyyi. Biko munka zo."

Biko dai na san shi, dangin miji ke zuwa su ba da haƙuri a mayar musu da matar da ta yi yaji. Amma ban taɓa jin gari guda ya zo bikon tsohuwa mai jikoki ba, balle a zo wurin ɗan da ta haifa. Na waiwaya in ga ko mahaifiyata za ta cece ni. Ina! Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wa jama'a kafaɗa, ta kafa ido a ƙasa, sak amaryar da aka ɓata wa rai.

Aka jawo saurayin nan aka durƙusar da shi. Kansa a sunkuye, ya ce, "Inna, ki yahe min. Ƙuruciya ta."

Na gyara murya na ce, "Baba, ba wanda ya yi mata laifi. Ni na ɗauko ta. Zamani ya canja, ita Kirista ce, ita kaɗai. In wani abu ya faru, wa zai ba ni uwata?"

Hajiya ce ta fara magana, ita da ta goya ni ina ƙarami duk lokacin da aka kira mahaifiyata haihuwa.

"Ɗana, yau kas san Kirista ta? Mu mun sani tun ba a haihe ka ba. Ga bayan nan da yag goya ka, ya taɓa tambayar ka addini?"

Mai unguwa ya ɗaga mata hannu. "Tsoronai gaskiya na, Hajiya, uwatai ta." Sannan ya juyo gare ni. "Liman ya ce in hwaɗa maka, shari'ar da munka karanta ba ta ce a kori maƙwabci ba, haƙƙi tab ba shi. Ni kuma ga tawa. Dut wanda za shi taɓa ta garinmu, shi hwara hwaɗa muna wa yay yanke mai cibi."

Na dubi fasto, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Sai a lokacin mahaifiyata ta sauke mayafi. Ta dubi saurayin da ke durƙushe ta ce, "Wanga kunka wahalar? Tashi. Da ƙahwa kah hito duniya, ni nij juya ka. Tun ran nan nis san ba ka iya shiga magana ta kai ba." Dariya ta ɓarke, har shi mai laifin, yana dariya yana share hawaye.

Amma fa ba ta sauko da arha ba. Ta ce mai yaji ba ta komawa sai da sharaɗi. Na farko, waƙarta ta Lahadi ba za ta rage murya ba, don wanda take yi wa ya cancanci a ji. Mai unguwa ya ce an yi. Na biyu, a gyara mata danga, awakin Hajiya sun cinye mata rama. Hajiya ta ce sharri ne, amma an yi. Sai muryar mahaifiyata ta sauya.

"Na ukku. Ran da Ubangiji yak kira ni, ba ni son a ɗauke ni zuwa wani gari. Gindin tsamiyar nan, kusa ga maigidana. Kuma kada a noma wurin."

Mai unguwa ya cire hularsa ya mayar. "Mun ɗauka, Inna. In ba mu da rai, ɗiyanmu sun ji."

Daga nan duk idanu suka dawo kaina. "Waliyyi ya yarda?"

Jama'a, ni da na zo ceton uwata, sai ga ni zaune da ƙwaryar goro ana jiran in ba da ita. Na dube ta. Tun da muka baro garin ban ga fuskarta da haske irin na wannan lokaci ba. Na ɗauki goro ɗaya na ɓare, na ce na yarda. Wata mata ta rangaɗa guɗa har awaki suka firgita, matar fasto kuma ta kama waƙar godiya, aka rasa wanda zai saurari wani.

Dattawa da kansu suka ɗora gadon ƙarfe a mota. Saurayin nan ya rungumi turmi. Har muka bar Ƙaura jirgi bai zo ba. Da muka shiga gari yara suka bi motoci da gudu suna "Inna ta dawo", kuma kafin a gama ɗaure ƙafafun gado, mai tsohon cikin da ta bi su biko ta fara murƙususu. Mahaifiyata ta nemi ruwa da sabulu. Ina daga zaure na ji muryarta, "hannu nawa, aiki naka", na ji mata sun amsa.

Da zan koma Kaduna na tambaye ta, tun yaushe mota ke sa ta amai, ita da ta sha zuwa Shinkafi a bayan motar shanu? Ta ci gaba da ɗaure mini kuka da daddawa, ba ta ɗago ba.

"Kai da karatunka. Mai yaji ba ta nisa, inda za a same ta taka tsayawa. Na san jirgin Ƙaura, na kuma san mutanena."

"In da ba su zo ba fa, Inna?"

"Da na shiga jirgin. Amma na roƙa, kuma na san wanda nir roƙa."

Ba a daɗe ba Kadunar da na ɗauka tudun mun tsira ta kama da wuta, ni da iyalina muka sha da ƙyar. Ita ce ta aiko a tambayi lafiyarmu, har da cewa in abin ya yi tsanani mu taho wurinta. Ba ina cewa ko'ina haka aka yi ba, na san waɗanda suka tashi ba su sami mai zuwa bikonsu ba. Na garinmu nake ba ku, wanda na gani da idona.

Na daɗe ina ganin aikin iyayena a garin nan bai yi albarka ba, tunda ɗakin sujada bai taɓa cika ba. Tun ranar bikon na daina wannan tunani. Mahaifiyata ta ƙara shekaru masu yawa tana waƙarta ta Lahadi, muryar na raguwa don tsufa, ba don wani ya hana ba.

Da ta rasu, mai unguwa ya riga ta, amma 'ya'yansa sun ji. Kafin mu iso da fasto daga Ƙaura, mun tarar an share gindin tsamiya, an kewaye wurin da ƙaya, ana cikin haƙa. Wanda ke cikin ramin shi ne saurayin nan, ya zama magidanci har da furfura. Na tuɓe riga na ce ya ba ni digar, haƙƙina ne, ni ne ɗan fari. Ya share zufa ya nuna mini mazan da suka yi layi suna jiran a miƙa musu.

"Yi haƙuri, yaya, bi layi. Dukanmu nan hannunta yaf fara taɓa mu."

Na koma bayan layin na tsaya.