Tsibin Takin da Baba Bai Baza Ba

Shekarun baya, lokacin da mutanen tsallaken kogi suka yi ta kwararowa Diffa saboda rashin zaman lafiya, na yi wata kyauta da na daɗe ina yabon kaina a kanta. Mahaifina ya bar mini garka wajen Gagamari, kusa da kogin Komadugu. Ni kuwa ɗan kanti ne, jikan Damagarawa, noman da na iya bai wuce in sayi buhun takin zamani in aika wa ƴan aiki, in ce a watsa da yawa ba. A gefen garkar ta yamma akwai wani yanki da ya mutu. Kanwa ta fito masa fara fat, ko ciyawa ba ta yi masa kara.

Wata rana wani dattijo ya zo kantina, ɗan gudun hijira, da iyalinsa mutum bakwai a wata rumfa bayan gari. Ya ce shi manomin tattasai ne tun yana yaro, zaman jiran buhun taimako ya ishe shi, ko zan ara masa wurin da zai sa fartanya. Nan take na tuna da mataccen yankin nan. Na ce na ba shi, har da gyara zama kamar wanda ya ba da gida.

Washegari muka je. Ya tsuguna, ya ɗebi ƙasar ya murza, ya ɗanɗana a harshe, ya tofar. Sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, shekara nawa za ka ba ni?"

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban hana shi ba. Na ce, "Baba, mene ne na ƙidayar shekara?"

Ya ce, "Wanda aka ara wa gona ba ya zuba mata taki, ka sani. In ta gyaru mai ita zai zo. To ina so in sani, in ciyar da ita ne, ko in tatsi abin da ya saura in tafi?"

Rana ta yi zafi, ina so in koma kanti. Na ce, "Har ranar da za ka koma gida, taka ce." Ban ɗauki maganar da wani nauyi ba, don ban ga abin da zan rasa ba.

Shekarar farko bai shuka tattasai ko ɗaya ba. Ya haƙa magudana daga yankin zuwa gangare, ya yi ta cika fangali da ruwa yana saki, wai yana wanke kanwar. Shi da matarsa suka yi ta jido kashin awaki da na shanu daga rugar Fulani, da ɓuntun shinkafa daga wajen masu casa, suna binnewa. Na taɓa kai masa toka buhu biyu don in nuna ni ma na san wani abu. Ya yi godiya, ya ce in mayar, ƙasar da kanwa ta kama ba a ƙara mata toka. Bayan nan ya shuka wake, da ya cire ƴaƴan bai kwashe harawar ba, ya bar ta ta ruɓe a wurin. Ƴan aikina suka yi ta dariya, suna cewa tsoho yana noma wa gara abinci.

A shekara ta uku dariya ta ƙare. Tattasan Baba ya yi ja jawur, manya-manya, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Nawa kuwa, duk da buhunan da nake aikawa, ganye ya yi rawaya, ƙasar ta taurare kamar daɓen ɗaki, ruwa yana kwanciya a kai ba ya shiga.

Abokina, wanda muke shan shayi tare a ƙofar kanti, shi ya fara faɗin abin da ke zuciyata. Ya ce, "Kai dai wawa ne. Ƙasar ubanka ce fa. Ka ba shi wani gefen ya gyara, ka karɓi wannan. Kowa haka yake yi." Na ce a'a da baki, amma na yi mako biyu ina shirya kalmomin da zan faɗa. Har na samo wata dabara, zan ce ƙanina ne ya matsa, alhali ƙanina yana Zinder bai ma san inda garkar take ba.

Da na gaya wa mahaifiyata, ba ta yi dogon zance ba. Ta ce, "Me ka ce masa ranar da ka ba shi?" Na faɗa mata. Ta ce, "To ya koma gidan?" Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Duk da haka na tafi, wata safiya gab da faɗuwar damina, sanye da farar shadda. Na tarar da wani ƙaton tsibin taki a bakin yankin, ya ruɓe ya yi baƙi, an rufe shi da kara. Maƙwabta duk sun baza nasu, na Baba kaɗai ke tsaye. Muka gaisa, ya shimfiɗa mini buhu na zauna. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

Ya ce, "Alhaji, na san za ka zo. Ba komai, taka ce. Abu ɗaya nake roƙo, ka saurara. Kada ka sa mata tattasai bana, ta yi shekara biyu a jere, ka ba ta wake ta huta. Magudanar can kada a bari ta toshe, in ta toshe kanwa za ta dawo. Takin buhu kuwa kaɗan-kaɗan, bayan na gargajiya, ba shi kaɗai ba. Kusurwar gabas har yanzu ba ta warke ba, ka yi mata haƙuri."

Yana magana yana nuna wuraren da sanda. Bai ambaci iyalinsa ba ko sau ɗaya, bai tuna mini alkawari ba. Ya tona ƙasa da hannu ya nuna mini tana biyu suna motsi, ya mayar ya rufe su a hankali. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na zo ƙwace abincin mutum bakwai, shi kuma damuwarsa kada in kashe ƙasar.

Na ce, "Haba Baba, ni ba karɓa na zo yi ba. Zuwa na yi in ga yadda kake yi, tawa ta lalace."

Ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce. Ya dube ni ya ce, "To madalla. Takin can dama kai yake jira. Wata guda ke nan na kasa bazawa."

Ya miƙo mini kwando. Haka na tuɓe hula, na naɗe hannun shadda, muka yi ta jida har azahar. Shaddar ba ta sake sawuwa ba, matata ta mayar da ita tsumma.

Tun daga ranar na daina aiken buhu daga kanti ina jiran abin al'ajabi. Garkata ta ɗauki shekaru kafin ta yi laushi, kuma har gobe ba ta kamo tasa ba. Abin da na gane shi ne, duk wanda zai gyara ƙasa sai ya tabbata zai ci daga gare ta baɗi, in ba haka ba tatsa zai yi, kuma ba laifinsa ba ne. Da na karɓe yankin nan, da babu wani mai aro a kewayenmu da zai sake zuba ko kwando ɗaya.

Baba bai koma gida ba. Ya rasu a nan, muka binne shi a Gagamari. Bayan sadakar bakwai babban ɗansa ya zo kantina, ya zauna daidai inda ubansa ya zauna, yana ta murza hularsa. Ban bari ya tambaya ba. Na ce masa ya je ya baza takinsa, damina ta kusa.