Ranar Da Muka Kai Rediyo Samaru

Ni dai karatuna a aji huɗu na elementare ya tsaya, sauran a reluwe na ƙarasa shi, wajen shan faɗan manya da Turanci. Saboda haka da jikata ta samu jami'a a Samaru, ta ce za ta karanci aikin jarida da sadarwa, sai na gyara zama na yi mata tambaya irin ta masana.

"Wato magana za su koya miki?"

"Har da ita, Kaka."

"Ke? Ke da tun kina goye ba ki bar kowa ya runtsa a Sabon Gari ba? Ai malama ya kamata su ɗauke ki."

Matata ta ce in rufa wa kaina asiri in ƙyale yarinya. Ita ta raine ta tun rasuwar uwarta, kuma ba ta kiranta da komai sai "ƙawata". A lokacin ciwon suga ya riga ya tafi da idonta, saura kunne. Amma fa kunne ne na gaske, tun daga zaure take gane mai sallama. Burinta ɗaya ne, kullum sai ta faɗa: kafin ta bar duniya ta ji ƙawarta a rediyo.

Da karatu ya yi nisa, aka fara ba ɗalibai dama su karanta labarai a ɗan gidan rediyon makarantarsu. Layi ya zo kan tamu wata Alhamis da hantsi. Sai dai tashar ba ta isowa lungunmu, in ka murɗa ba ka jin komai sai shuuu. Na ɗaura wa eriya waya, na hau kujera, na yi duk injiniyancin da na sani, a banza. Tsohuwa ta ce to, mu za mu je.

Ƙafafunta a kumbure suke, rabonta da fita an daɗe. Duk da haka ta sa aka ciro mata zanen ƙasan akwati, ta shafa turare. Na ce, "Rediyo fa ba ya gani." Ta ce, "Ni na san wajen wa za ni."

Muka hau Keke Napep, rediyo a cinyarta. A Samaru mai keken ya tsaya mana a inuwa kusa da ƙofar makaranta, ɗalibai na ta wucewa suna kallonmu. Tasha ta kama tar. Aka yi kiɗa, sannan wata murya ta shigo da Turanci, a natse, mai nauyi, kowace kalma a zaune. Da ɗan Turancina na tsinci sunan jikata.

"Ga ta nan!"

"Wa?"

"Ƙawarki mana!"

Ta karkata kai ta saurara. "Wannan? Wannan ai babbar mace ce, ta yi haihuwa uku. Kai dai ba za ka girma ba, Malam."

Na rantse mata.

"Haka ka rantse ranar da ka ce an naɗa ka sarkin reluwe. Yi mini shiru, kar ta zo ban ji ba."

Ta manna rediyo a kunne, yarinya na karatu, ita kuwa tana jiran a gama a sako yarinya. Labarai suka ƙare. Wani saurayi ya zo da zancen ƙwallo, aka koma kiɗa. Ta ƙi yarda mu tafi har aka kira azahar. Sannan ta miƙo mini rediyon ta ce, "Sun hana ta." A hanyar komawa gida, muna wuce unguwar PZ na ga hawaye na bin kumatunta.

Da la'asar sai ga jikata da gudu, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Iya, kin ji ni?"

"Kada ki damu, ƙawata. Wata rana za su ba ki."

Yarinya ta dube ni, na kawar da kai. Sai ta ciro takardar labaran da ta karanta, ta durƙusa a bakin gado, ta miƙe wuya, ta ja numfashi tun daga ciki yadda aka koya musu, ta fara karantawa da muryar nan. Ba ta kai ƙarshen layi na biyu ba tsohuwa ta ɗaga hannu.

"Malam, kashe rediyon nan, ina magana da yarinya."

Jikata ta ninke takardar a hankali, ta kifa kanta a cinyar kakarta, ta ce da muryarta ta gida, mai sauri, mai ɗan tsini, "An kashe, Iya."

Tsohuwa ta yi ta shafa mata kai, tana cewa da ta samu sauƙi da ƙafarta za ta je ta ga malaminsu, ta ji dalilin da 'yar mutane za ta yi ta wahalar karatu a hana ta magana.

Kafin layi ya sake zagayowa kan yarinya, Allah ya yi wa tsohuwa rasuwa. Wajen zaman makoki mata suka riƙa cewa marigayiya ta tafi da takaicin mutanen jami'a, da suka danne wa ƙawarta dama. Ina jinsu daga zaure, jikata na cikinsu tana zuba musu ruwa. Daga ni har ita ba wanda ya gyara musu zancen.