Robar Ruwa a Bayan Katanga

Duk unguwa da Mai Guga aka san ta, har 'yar cikinta idan tsokana ta motsa haka take kiranta. Shekara ashirin da biyu tana tsaye gaban tebur ɗaya a ƙarƙashin rumfar tsakar gidanta, tana wanke kayan mutane tana gogewa. Doguwar mace ce, ba ta da yawan magana, hannunta duk tabon ƙuna. Ba ta tsoron masifar masu kaya, ba ta tsoron wuta. Ranar da soket ya kama da wuta da hannunta ta fizge wayar, ta ci gaba da ninke zanin gado. Abu ɗaya ne ke mayar da ita yarinya ƙarama, shi ne kare.

Tana da shekara bakwai aka aike ta sayen ashana. A bakin wani lungu ta tarar da kare kwance, ta tsaya tana kallonsa, shi ma yana kallonta. Kafin ta yi wani motsi ya cafki ƙwaurinta, ya ja ta a ƙasa har sai da wani mai faci ya zo da ƙarfe. Tana kwance ana ɗinke ƙafar, manya suna tsaye a kanta suna faɗa, wai ai laifinta ne, wa ya ce ta kalle shi cikin ido? Zafin ɗinkin ta manta da shi tuntuni. Wannan maganar ce ta zauna mata daram, ta girma da ita, ta yi aure da ita, ta haihu da ita: kare ba a kallonsa.

To haka ta yi rayuwarta. Ta san gidan kowane mai kare a unguwa fiye da yadda ta san gidajen danginta. Kasuwar da kowa ke zuwa cikin minti goma, ita sai ta yi rabin awa saboda zagaye. Gidan da ke da kare, komai kyan aikinsu, sai dai su kawo kayansu da kansu. Mijinta, mai gyaran famfo, kafin ya rasu shi ne ke tafiya ta gefen titi ita tana ta gefen bango, idan ya hango kare sai ya ce ta dubi takalminta har su wuce. Bayan rasuwarsa ba ta sake zuwa suna ko gaisuwa a unguwar da ba ta sani ba. Dangi suka ce girman kai ne, ta bar su a haka, don ya fi mata sauƙi da ta faɗi gaskiya.

Amma ga abin haushi. Duk ranar Asabar da yamma akwai wani shiri a talabijin na masu ceton dabbobi, kuma ko ana ruwan wuta ba ya wuce ta. Takan jawo akwatin zuwa bakin ƙofar ɗaki yadda za ta hango daga teburin guga. Sai a nuna wasu mutane da safar hannu sun shiga ƙarƙashin gada ko wani kango, su fito da kare duk ƙazuwa, haƙarƙari a waje, su wanke shi su ba shi ruwa a tafin hannu. Nan Mai Guga za ta yi ta kuka, kuka na gaske, hawaye na ɗiga a kan rigar mutane tana bi da dutsen guga tana busarwa. 'Yarta, wadda ke aiki a kantin magani, takan ce ita dai ba ta taɓa ganin irin wannan ba: matar da ɗan kwikwiyo zai yi atishawa ta hau tebur, ita ce ke zubar wa karnukan duniya hawaye. Uwar takan ce na cikin gilashi daban ne, su ana iya kallonsu. Tausayin ba na ƙarya ba ne, tsoron ma ba na ƙarya ba ne, duka biyun a ƙirji ɗaya suke zaune.

Bayan katangar da take ɗaura igiyar shanya akwai gidan wani direban babbar mota, mutum shi kaɗai da karensa. Shekara uku suna maƙwabtaka, ko kalar karen ba ta sani ba. Muryarsa ta sani, da ƙarar sarƙarsa a kan siminti, kuma daga muryar ta ƙera shi a ranta kamar ɗan maraƙi. Idan direban zai yi tafiya yakan cika masa kwano da bokiti, ya kulle gida, bayan kwana biyu ko uku a ji motarsa ta dawo.

Wannan karon kwana uku suka wuce, mota ba ta dawo ba.

A rana ta huɗu haushin karen ya canza. Ba irin na korar baƙo ba ne, wani siririn kuka ne mai tsawo, ya yi ya huta, ya sake. Ga rana kamar ta dafa mutum. Mai Guga tana shanya ta ji ana tura bokitin ƙarfe a kan siminti, ƙwaram ƙwaram, ta kuwa san ƙarar bokitin da babu komai a ciki. Ta sa mayafi ta je wurin mai gidan da direban ke haya, ya ce ba shi da makulli, kuma ba zai fasa ƙofar mutum a kan kare ba. Ta yi wa mai shagon bakin layi magana, ya ce yana ta kiran wayar direban ba ta shiga, sannan ya yi 'yar dariya ya ce kare ne fa, Hajiya, su ai ba sa mutuwa da wuri. Akwai lambar da kan fito a ƙasan shirin nan na Asabar, ta san ta a ka, amma ta wata ƙasa ce mai nisa.

Ta dawo gida ta zauna. Sannan ta tashi ta yi abin da ba ta taɓa zaton za ta iya ba. Ta ɗauko tsohuwar robar jiƙa sitaci, ta gasa ƙusa ta huda mata baki uku, ta ɗaura igiya. Katangar da kaɗan ta fi ta tsawo, idan ta miƙa hannu yana kaiwa sama. Ta bi jikin bangon tana saurare, inda kukan ya fi ƙarfi ta wuce shi da sauri, ta je can lungun da ya fi nisa da muryar, don kada ya yi tsalle ya kama mata hannu. A nan ta zura robar a hankali, fuskarta a juye, idonta a kan takalminta, har ta ji ta dira. Ta ɗaga buta ta tsiyaya ruwa, ta ji yana sauka cikin roba. Ta jefa ragowar abinci da ƙashi a gefe. Nan take sarƙa ta ɗauki ƙara, karen ya yi ta kai da kawo yana wani irin gurnani. Ta ce a ranta, ci, bawan Allah, ci. Ta koma teburinta, ranar ta goge kaya tana 'yar waƙa.

Safe da yamma haka ta riƙa yi. Har burodi ta saya musamman. Duk sanda ta ɗaga buta sarƙar sai ta yi ƙara, ita kuma ta ɗauka murna ce.

Akwai abin da ya kamata a faɗa, don ita ma ba ta ɓoye wa kanta shi ba daga baya. Matar da ta yi shekara ashirin da biyu tana cika robobi ta san bambancin ruwan da ke sauka a roba wayam da wanda ke sauka a kan ruwa. Tun zubi na uku, kafin ta kai rabin buta, ta ji yana malala a ƙasa. Ta tsaya da butar a sama. Kujerar tsuguno tana nan kusa da ƙafarta, da ta taka ta za ta ga komai. Sai ta ce wa kanta wataƙila shi ba mai yawan sha ba ne, ta ƙarasa zubawa ta bar wurin.

Ranar Juma'a da yamma 'yar ta dawo daga kanti, ta ji labari, ta yi mamaki har da tafi, ta ce lallai Mai Guga an shiga sahun 'yan talabijin. Sannan ta jawo kujerar ta ce bari ta leƙa ta ga ko yana ci. Uwar ta yi wuf ta riƙe mata zani, riƙon da ya sa yarinyar ta daina dariya.

"Kada ki kalle shi," in ji ta. "Na roƙe ki, kada ki kalle shi. Yana ci, ina jin sa."

Yarinyar ta dubi uwar, ta ajiye kujerar.

Washegari Asabar ce. Aka nuna wani kare da aka bari ɗaure a bayan wani gida, wuyansa duk ya sale, wata mata ta durƙusa ta kwance shi. Mai Guga ta yi kukanta kamar kullum, sai dai wannan karon da wani sanyi a ciki, don ta ji ita ma tana da nata. Da aka gama shirin ta kasa kunne wajen katanga, ta ji shiru. Ta ce wa 'yarta ai ya ƙoshi ne ya kwanta. Ranar Lahadi ma shiru, ko sarƙar ba ta motsa ba da ta zuba ruwa. Ranar Litinin wani wari ya fara tasowa, ta ce kwatar bayan gida ce, ta zuba mata ruwan omo har bokiti biyu.

Ranar Talata da hantsi aka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Direban ne, ya rame, kansa da bandeji, yana dogara sanda. Motarsa ce ta kife a hanya, waya ta farfashe, ya yi kwanaki a asibiti bai san inda kansa yake ba. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambaya ko ita ce ta zura roba ta kan katanga. Ta ce ita ce. Sai ya ce to ta zo ta ɗauki robarta, shi ba ya iya sunkuyawa. Da ya ga ta ja da baya ya ce:

"Shigo, Yaya. Babu abin da zai taɓa ki yanzu."

Tun tana da shekara bakwai ba ta taɓa taka gidan da ke da kare ba, sai ranar. Ta shiga idonta a ƙasa kamar yadda ta saba, kuma ƙasan ce ta fara nuna mata. A jikin simintin akwai wani zagaye kamar an zana da alli, duk kartar farce ce da busasshen jini. Iyakar inda sarƙa ke kaiwa ke nan. Daga wajen zagayen, ga tarin burodi da ƙashi da shinkafa ƙuda na bi. Ga robarta zaune daram, cike fal da ruwa har baki, ganye biyu na yawo a kai.

Sannan ta ɗaga kai ta kalle shi. Ashe fari ne, da baƙi a kunne ɗaya. Ashe ɗan ƙarami ne, bai kai rabin wanda ta ƙera a ranta ba. Yana kwance sarƙar a miƙe tsam, wuyansa a sale, hancinsa yana fuskantar robar. Ita mai auna yadi da hannu ba ta buƙaci kowa ya gaya mata ba: tsakanin hancinsa da bakin robar bai fi kamu ɗaya ba. Kwana da kwanaki yana jin saukar ruwan nan, yana ganinsa da idonsa, duk ƙarar sarƙar da ta ɗauka murna ce ja yake yi.

Direban bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi duk unguwar nan ita kaɗai ce ta tuna da shi, Allah ya saka mata da alheri, ta yi iya ƙoƙarinta. Ta so ta ce masa ba ta yi ba. Ta so ta gaya masa zancen rabin buta, da kujerar tsuguno, da zanin 'yarta da ta riƙe. Hawayen nan kuwa da ke zuwa duk Asabar ba a kira su ba, ko ɗigo bai zo ba.

Maimakon ta sunkuya ta ɗauki robar, sai ta sa gefen ƙafarta, ƙafar nan mai tabo, ta tura ta. Robar ta ja a kan siminti, ruwa ya ɗan fallatsa, ta tsallake zagayen ta tsaya daidai bakinsa. Turawa ɗaya ce. Da sandar shanya ma za ta yi, daga can bayan katanga, da a ce ta leƙa sau ɗaya.

Har yau tana guga a ƙarƙashin rumfar, har yau idan ta ji haushin kare tana tsallaka titi idonta a kan takalminta, tsoron bai ragu ko ƙwayar zarra ba. Ranar Asabar da yamma 'yarta kan rage muryar talabijin ta canza tasha ba tare da ta ce komai ba. Robar kuwa ba ta taɓa karɓowa ba. Igiyar da ta zura ta da ita tana nan rataye a lungun katanga, kuma duk shanyar da za ta yi, komai yawan kaya, ba ta kaiwa wannan lungun.