Ranar da na cinye abincin 'yata a gidan surukai

Malaminmu na makarantar manya ya ce kowa ya rubuta wani abu da ya taɓa ba shi kunya. Na daɗe ina juya biro, don a shekaruna abubuwan kunya sun taru. Na zaɓi wanda har yau in an tuna a gidanmu sai an yi dariya.

Sana'ata tsire. A unguwar Didaouré nake da tukuba, cikin Sokodé, kuma tsire ba ya yiwuwa sai da ƙuli-ƙuli. Sai Allah ya ba ni 'ya wadda jikinta ba ya son gyaɗa. In ta ci, leɓe ya kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Bayan gyaɗa muka gano ƙwai, bayan ƙwai muka gano nono. Sau biyu muna rugawa asibiti da ita kafin mu yarda. Daga nan uwarta ta ware mata tukunya da ludayi, ta ɗaura musu jan zare. Ni kuwa in na dawo daga tukuba, sai na yi wanka na sauya riga kafin in ɗauke ta.

Tana da shekara bakwai aka shiga wani dogon yajin aiki a lokacin rigimar siyasa. Makarantu a rufe, ma'aikata babu albashi, ba mai sayen tsire. Na zauna gida, sai yarinya ta sa ni gaba. Ta taɓa ganin gato, wato kek, a gidan wata ƙawarta, ita ma shi take so. Gato kuwa ƙwai ne da madara. Na ce bari mu gwada. Na kwaɓa fulawa da nunanniyar ayaba da man kaɗe, na ɗora tukunya kan yashi mai zafi, na zuba garwashi a murfi. Na farko, da ya faɗo ƙasa kaji suka watse. Na biyu uwarta ta ce in ajiye, za ta riƙa tare ƙofa da shi. Yarinya dai tana cinyewa, tana cewa, "Baba, gobe ka rage masa ƙarfi."

Da gari ya ƙara zafi, yau jifa gobe sojoji, sai muka ce a kai ta Dapaong wajen kakarta ta wajen uwa har ƙura ta lafa. Uwarta na da tsohon ciki, tafiya ta faɗo kaina. Ta haɗa mini tukunya mai jan zare da ludayi, ta ce, "Ka gaya wa Inna komai. Kada ka baro ta sai ka ga Inna ta gane."

Na ce to, amma akwai matsala. Shekara goma da aure ban taɓa kallon surukata ido da ido ba. Gaisuwa ce daga bakin zaure, a durƙushe, in tashi in ba ta wuri. Ga kuma wata. Tsohuwar na da gonar gyaɗa wajen Gando, kowace kaka tana aiko da buhu, wai na jikarta ne. Matata ba ta taɓa iya ce mata kome ba, sai godiya. Ni nake mayar da buhun ƙuli-ƙuli. A sanin tsohuwa, da gyaɗarta yarinya ta girma. Da a lokacin na iya rubutu, da takarda zan ba wani ya karanta mata, in tsaya a waje.

A hanya shinge ya fi a ƙirga. A wani, soja ya buɗe jakata ya ga tukunya da ludayi, ya tambaya ko matata ce ta kore ni. Na ce kusan haka ne. Ya yi dariya ya ce mu wuce.

Mun isa bayan azahar. Aka sauke mu a zaure, sai ga tire. Tuwo da miyar gyaɗa, mai na yawo a kai. Fura da nono. Dafaffen ƙwan zabi cike da kwano. Duka ukun, kamar an tambayi likita abin da ya hana aka dafa. Daga bayan labule tsohuwa ta ce, "Na jikata ne. Na ubanta na zuwa."

Yarinya na kallon tire, ni ina kallon labule. In na mayar da tiren yadda ya zo, an raina girkin tsohuwa. Sai dabara ta zo mini, irin wadda ke zuwa wa mutum in tsoro ya kama shi. Na miƙa wa yarinya gatona daga jaka, na jawo tire na fara ci. Na cinye tuwo, na shanye fura, na bi ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Ina kan na ƙarshe sai na ga labule ya motsa. Suruki ko ruwa ba ya sha a gaban surukarsa. Ni ga ni da gwaiduwa a gemu, 'yata na gefe tana gwagwiyar abu kamar dutse.

Sannan nawa tiren ya iso. Shi ma na taɓa, don kada a ce.

Washegari da hantsi ina zaure ina shirya maganar da zan yi, na lura yarinya ba ta kusa. Sai na jiyo muryar tsohuwa daga ɗakinta: "Zo nan, 'yar nan, ki ci kafin uban naki ya ji ƙamshi. Dubi wuyanki kamar na zabuwa. Ashe abin da ake yi miki ke nan a Sokodé."

"Kaka, ba na cin wannan."

"Tsoronsa kike ji? Ba zai shigo nan ba. Buɗe baki."

Ban san lokacin da na tsallake tsakar gida ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Na ɗaga labule ba sallama. Loma na hannun tsohuwa, miyar gyaɗa na ɗiga, yarinya ta toshe baki da hannu biyu. Na ce, "Inna, kada ki ba ta!"

Tsohuwa ta ja mayafi ta juya wa bango fuska. Ni ma na durƙushe ina kallon ƙasa.

"Tambayi ubanki," in ji ta, "wannan ma shi zai ci?"

"Gaya wa Kaka," na ce, "gyaɗa na toshe miki numfashi. Da ƙwai, da nono. Sau biyu muna kai ki asibiti."

"Baba, ai tana jin ka. Ga ta nan."

"Tambaye shi, buhunan da nake aikowa fa?"

"Suna kan tsire, Kaka," in ji yarinya, ba ta ma jira ni ba. "Duk Didaouré sun ci gyaɗarki, ban da ni."

Kafaɗun tsohuwa suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce take dannewa. Can ta daina, ta dubi lomar da ke hannunta, ta mayar cikin kwano a hankali. Ta fita ta wanke hannu da toka har sau uku, ta dawo ta sa yarinya ta faɗi abubuwan nan uku, tana lanƙwasa yatsa.

"Gaya wa ubanki, da ya faɗa jiya da ƙwaina sun tsira. Kuma ya nuna mini abin nan da kike gwagwiya."

Haka na tsinci kaina a madafar surukata ina kwaɓa fulawa, tana zaune ta ba ni baya, amma ba abin da ya wuce ta. Ta gutsuri tsohon gaton ta ce a tambaye ni ko ginin gida nake shiri. Ta sa aka jiƙa tsamiya, ta ɗiga ruwan kanwa a ciki, ya yi kumfa, ta ce a juye a kwaɓin. Da muka ɗaga murfi, gato ya tashi har yana taɓa shi. Yarinya ta danna da yatsa ya lotsa. Ta ce, "Baba, ka ga yadda ake yi."

Kwana uku na ƙara ina lura. Tsohuwa ta kwashe gyaɗarta ta kai ɗakin ajiya ta kulle, ta sayo sabon turmi, ta ɓalle zare daga bakin zanenta ta ɗaura masa. Ranar da na ga ta kori maƙwabciya mai tallan fura tun daga ƙofa, na san zan iya tafiya.

Da safe na durƙusa a bakin zaure na yi sallama. Yarinya ta fito da ƙunshi mai nauyi.

"In ji Kaka, guzurinka ne. Ƙwan zabi ne. Ta ce ta ga kana so."