Ƙanƙarar da Na Shiga da Ita Fili

Kafin duk wannan, ni mai facin taya ne a Nukkai. Ba na shan komai, ban taɓa ɗaukar na wani ba. Ƙwallo ce kawai ciwona. Ran da ƙungiyar garinmu take wasa a gida, tun azahar nake rufe rumfa, ko da mai mota na tsaye da tayarsa a hannu.

A ƙofar fili akwai masu lura da 'yan kallo, su ne ke lalube mutum. Kwalba ba ta shiga, sanda ba ta shiga. Ruwan leda kaɗai suke bari, don ko an jefe ka da shi, jiƙewa kawai za ka yi. Cikinsu akwai Baba Yohanna, maƙwabcinmu, wanda ya san ni tun ina yawo ba wando. Bai taɓa lalube ni ba. Sai dai ya ce, "Ɗana, Mama yana lafiya? Wuce."

Wayar farko tsintar ta na yi. An ci ƙwallo, kowa ya rungumi wanda bai sani ba, ta faɗo daga aljihun wani a gabana. Na ɗora ƙafa a kanta har ya gaji da nema. Ta biyu ban jira ta faɗo ba. Daga nan na daina kallon fili, aljihu nake kallo. Matsalar ita ce ƙungiyarmu ba ta cika cin ƙwallo ba, ni kuma sai an yamutse nake samu. Sai na koyi haɗa yamutsin da kaina.

Nakan sa ruwan leda a firiza har ya zama dutse, in zuba a jaka, in rufe da marar ƙanƙara, in bi layin Baba Yohanna. Da alƙalin wasa ya hura abin da bai yi wa mutane daɗi ba, sai in jefa ɗaya. Sauran 'yan kallo ne ke ƙarasa min. Ana jifa ana turereniya, ni ina aikina.

Ranar ƙarshe an ba baƙi fenariti gab da tashi. Ƙa'idar masu lura ita ce, idan rigima ta taso su shiga tsakanin alƙali da jama'a. Baba Yohanna ya tsaya ya ɗaga hannu biyu yana cewa a yi haƙuri. Na riga na jefa. Ta same shi a idon hagu, ya zauna ƙasa a hankali kamar wanda ya gaji. Ban ji komai ba. Hannuna na cikin aljihun wani aka riƙe ni, ga sauran ƙanƙara a jaka.

Shekara uku na yi a gidan yari. Sau ɗaya mahaifiyata ta zo. Ta ce idon ya mutu, kuma an sallame shi daga aiki saboda shi ya bar ni na shiga ba lalube. Na ce to. Ita ta yi kuka, ni na kasa.

Da na fito na same shi a ƙofar gidansa, na durƙusa a gefe na ce, "Baba, ka yafe min."

Ya ce, "Wane ne? Zagayo ta nan, wannan gefe ba ya gani."

Na zagaya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Na yafe, saboda Allah. Amma kar ka sake kira na Baba."

Na tuba, na koma faci, fili kuwa ban sake takawa ba. Ku samari, idan an tsayar da ku a ƙofa ku ɗaga hannu a lalube ku, ko da mai laluben ya san gidanku. Abin da ya faɗo daga aljihun wani ku miƙa masa. Kada ku jefi kowa da komai, don ba ku san wanda zai tsaya a gaba ba. Ni har yau unguwarmu ɗaya da shi. Idan na hango shi zaune, ta hagunsa nake bi in wuce.